Wa da Ƙane Ba Sa Hawa Jirgi Ɗaya a Tungar Gawo

Dalilin da ya sa masu fito na Tungar Gawo ba sa ɗaukar wa da ƙane a kwalekwale ɗaya, ku da kuka yi ta gunaguni jiya da aka raba ku a bakin ruwa, ku matso ku ji shi. Da can ana ɗaukarsu, ko su bakwai ne 'yan ɗaki ɗaya, ba mai cewa uffan.

A wancan zamani kogin nan yana ƙarƙashin daular Sangaru, wadda ayarin gishiri kan yi kwana arba'in yana tafiya bai fita daga ƙasarta ba. Al'adarsu, idan sarki ya rasu ba a naɗa magajinsa a fada. Sai an haye da shi gungu, wato tsibirin da ke tsakiyar kogi, inda kaburburan sarakuna suke, a naɗa masa rawani a can. Masu zaɓen sarki kan riga shi hayewa. Shi kuwa magajin, Sarkin Fito ke tuƙa shi, tare da ɗan rakiya ɗaya da ya zaɓa.

Sarkin Fito na lokacin sunansa Anaruwa, kakanmu ne na can nesa. Ruwa ya san shi. Ya taɓa nutsewa a tsakiyar damina ya fito da jaki da kayansa.

To, sarki ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban, Tunau, mutum ne mai sanyin hali, shi aka zaɓa. Ƙaramin, Dogara, shi ne Sarkin Yaƙi, dakaru ba su san muryar kowa ba sai tasa. Da aka faɗi zaɓe, Dogara ne ya fara faɗuwa ya zuba ƙasa a kansa gaban wansa.

Ya ce, "Yaya, bari in raka ka gungu, kada a ce akwai wani abu tsakaninmu."

Tunau ya ce, "Wa zai raka ni in ba kai ba? Nono ɗaya muka sha."

Ran tafiya da hantsi, Dogara ya kawo sulken mahaifinsu, rigar ƙarfe mai nauyi, ya ce, "Sa wannan, Yaya, jama'a su gan ka kamar Baba." Tunau ya sa, har da murna. Dakaru suka jeru a gaɓa da masu, suka cika har ƙofar gidan Anaruwa, inda matarsa da 'ya'yansa ke tsaye suna kallo.

Jirgi ya tashi. Da suka kai wurin zurfi, inda dogayen ciyayi ke kare mutum daga gaɓa da gungu, Dogara ya miƙe kamar zai gyara wa wansa alkyabba, ya tunkuɗa shi cikin ruwa.

Tunau ya taso, ya kama bakin jirgi da hannu biyu. Ya ce, "Anaruwa, hannunka!"

Anaruwa ya ajiye filafilin da yake tuƙi da shi ya yunƙura. Dogara ya ce masa, ko murya bai ɗaga ba, "Ka ga inda mutanena suke tsaye ɗazu? Ka ga su wa ke tsakaninsu? Zauna."

Anaruwa ya zauna. Dogara ya durƙusa yana ɓamɓare yatsun wansa ɗaya bayan ɗaya. Tunau bai roƙe shi ba, cewa kawai ya yi, "Dogara, me za ka gaya wa Iya?" Sulke ya ja shi ƙasa.

Anaruwa ya san daidai inda ya nutse. Ya san har yanzu da sauran numfashi a ƙirjinsa. Ya ɗauki filafili ya ci gaba da tuƙi.

A gungu Dogara ya yage rigarsa, ya yi ta birgima yana cewa wansa ya miƙe tsaye ne santsi ya kwashe shi. Masu zaɓen sarki suka ce, "Sarkin Fito, haka aka yi?" Anaruwa ya dafa kabarin tsohon sarki ya rantse haka aka yi. Dattawan suka dubi juna, suka hango ƙyallin masu a ƙetare, suka naɗa wa Dogara rawanin.

Bayan kwana uku mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Iya, ta zo bakin ruwa da ƙafa. Ta tsaya gaban Anaruwa, masu jiran fito suna ji, ta ce, "Anaruwa, kai da ka fito da jaki da kayansa. Ran nan rigarka ta jiƙe?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ta jiƙe ba, ranki ya daɗe."

Ta juya ta tafi.

Kafin kasuwa ta zagayo, zancen busasshiyar riga ya cika gari. Da ya isa kunnen Dogara, sai ya sa aka kawo Anaruwa fada gaban taro. Ya ce, "Ga mutumin da ya zauna yana kallo wana ya nutse, ko tsalle bai yi ba." Ya sa aka sare masa hannun dama, aka tuɓe shi daga sarauta. Maroƙa suka ɗauki kirari, suna yabon sarki mai ƙaunar ɗan'uwansa. Anaruwa bai buɗe baki ba, don 'ya'yansa suna nan inda hannun sarki ke kaiwa.

Sai da Anaruwa ya ji mutuwa ta matso ya tara 'ya'yan nasa ya faɗa musu gaskiya duka. Ya ce, "Hannun nan ban yi kukansa ba, shi ne wanda na ƙi miƙawa. Mu talakawa ne, ba mu isa mu hana wani kashe ɗan'uwansa ba. Amma ku rantse mini, ba a jirginmu ba." Suka rantse.

Kuna jira in ce Dogara ya ga sakayya? Bai gani ba, a duniya dai. Ya yi shekara talatin da ɗaya yana mulki, ya mutu da furfura a kan gadonsa, aka yi ta buga tambari. Da 'ya'yansa biyu suka zo hayewa naɗi, babban ɗan Anaruwa, wanda ke riƙe da sarautar fito a lokacin, ya ce ba zai ɗauke su tare ba. Aka yi masa bulala har ya suma, bai canza magana ba. Dole suka haye a jirgi biyu. Babban ɗan Dogara ya isa lafiya, aka naɗa shi. Kafin a yanke gero, ƙanensa ya soke shi a zauren fada. Daga nan 'yan sarki suka yi ta cin juna, har daular ta watse. Yau ko tushen katangar fadar ba wanda zai nuna muku.

Shi ya sa har gobe, in wa da ƙane suka zo fito a Tungar Gawo, ko hadari ya haɗo, ko jirgi ba kowa a ciki, mai fito zai kai ɗaya ya dawo ya ɗauki ɗaya. Gara ya tuƙa sau biyu.