Wutsiyar da Gaggafa Ta Bari a Gonar Nomau

Dalilin da ya sa gaggafa ba ta da wutsiyar kirki, kuma take tangaɗi a sama, shi zan gaya muku yanzu, tunda Cindo ya ce wai buguwa ta yi. Ba ta bugu ba, ɗan nema. Ku ɗaga kai ku dube ta da kyau kafin ta wuce. Kun ga ƙafafunta sun zarce wutsiyar? To, hannu na tsinkar gyaɗa, kunne na wajena. Kada kuma wata ta ce min ba a tatsuniya da rana, ni da kakata a bakin gona muka yi wannan, ga ni kuwa ban ɓata ba.

A da can, duk tsuntsayen sama babu mai wutsiya irin ta gaggafa. Doguwa ce, baƙa wuluk, idan ta baza ta inuwarta takan rufe kunya goma ta gona. Da ita take juyawa, da ita take tsayawa cak a iska, da ita take sauka. Kuma ba don tashi kawai take ba. Kowane gashi a cikinta yana da sunan wata kaka. Uwa takan zaunar da 'yarta ta riƙa nuna mata ɗaya bayan ɗaya: wannan ta wance ce da ta ƙetare hamada, wannan ta wance ce da ta kori kura daga kan mushe. Saboda haka idan gaggafa za ta yi rantsuwa, da wutsiyarta take yi, kuma ba a taɓa jin wadda ta karya ba.

To akwai wata gaggafa mai sheƙa a ƙolin wata kuka, can gindin dutse. Mijinta ya mutu tun farkon damina, ya bar ta da 'ya ɗaya tak, ko gashi ba ta gama yi ba. Ita ke farauta, ita ke gadi.

A ƙasa kuma akwai wani manomi, Nomau. Mutum ne mai ƙoƙarin noma, ba zan hana shi wannan ba. Amma bakinsa, idan ya ce maka ina kwana, gara ka leƙa waje ka ga ko gari ya waye. A shekarar nan tsuntsayen jan-baki sun sa shi gaba, suna saukar masa a gero dubu-dubu. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ya buga gwangwani har hannunsa ya kumbura, a banza.

Wata safiya gaggafa ta hango gafiya a bakin gonarsa, ta kawo sura. Ashe gafiyar a tarko take. Igiya ta zarge mata ƙafa, ta yi ta fisga tana baza wutsiya. Nomau ya sheƙo a guje, sai ya tsaya turus. Ba gaggafar ce ta tsayar da shi ba, shirun da gonar ta yi ne. Jan-baki sun ga inuwar wutsiyar nan sun watse, ko ɗaya bai rage ba.

Ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce, "Sannu da zuwa, uwar ɗakina."

Ta ce, "Malam, kwance ni. Na bar 'ya a sheƙa."

Ya ce, "Ni ma tara na bari a gida, geron nan suke jira. Ki ji, ba na son namanki, ba ruwana da fikafikanki. Wutsiyar nan nake so. Ki rantse min wutsiyarki ba za ta bar gonar nan ba sai an yanke hatsin da ke ciki, yanzun nan na kwance ki."

Gaggafa ta dubi geron, ta ga ya nuna, ido ya cika. Ta ce, "Yaushe za ku yanke geron?"

Ya ce, "Gata, in Allah ya kai mu."

Ta yi lissafi a ranta. Ta bar wa yarinya rabin zomo da safe, za ta iya kaiwa kwana uku. Sai ta rantse, kalma bayan kalma, yadda ya faɗa.

Ku da aka haifa a gona kun riga kun hango ramin. Dije, me ake shukawa a tsakanin gero? Dawa, yauwa. Amma gaggafa 'yar sama ce. A wajenta duk abin da ya yi kara ya fitar da kai, sunansa ɗaya. Ba ta san gero hatsi ne, dawa ma hatsi ce ba.

Ya kwance ta. Babu igiya a ƙafarta, babu keji, rantsuwa ce kawai ta zaunar da ita a kan rumfar tsaro. Kwana uku tana baza wutsiya, idonta na kan kukar nan da take hangowa 'yar mitsitsiya. Rana ta uku 'yan gayya suka zo, aka yanke gero tas, aka ɗaure dammuna. Gaggafa ta karkaɗe jiki ta ce, "To Malam, sai wata rana."

Nomau ya ce, "Ina zuwa?"

"Ai an yanke."

"An yanke gero. Ni hatsi na ce." Ya nuna mata dawa tsaye kore shar, ko kai ba ta fitar ba. "Waccan fa, ciyawa ce? Ki gyara zama, sai nan da wata biyu."

Matarsa Tasalla, da ta kawo wa 'yan gayya fura, ta ce, "Haba Malam, ka ji tsoron Allah. Uwa ce fa."

Ya ce, "Ke, ba da ke nake ba."

A daidai nan gaggafa ta ɗaga ido, ta ga hankaki sun fara kewaya kukarta. Kun san abin da hankaka yake jira idan ya kewaya sheƙa. Zuciyarta ta yanke. 

Nomau ma ya gani. Ya yi murmushi ya ce, "In kin sauko nan gabana kin sunkuyar da kai kin roƙe ni, wataƙila na ba ki rabin yini ki je ki dawo."

Ba ta sauko ba. Ta dube shi ta ce, "Maimaita min rantsuwar. Da ƙarfi, mutane su ji."

Shi kuwa yana jin daɗin wayonsa, ya gyara murya ya ce, "Wutsiyarki ba za ta bar gonar nan ba sai an yanke hatsin da ke ciki."

Ta juya wajen 'yan gayya ta ce, "Kun ji?"

Suka ce, "Mun ji."

Ta ce, "Wutsiya ya ce. Kuma da bakinsa ya gaya min ba ruwansa da fikafikaina."

Sai ta lanƙwasa wuya, ta kama gashin farko da baki, ta fisge. Ta ajiye shi a kan rumfa ta ce, "Kaka mai ƙetare hamada, zauna ki yi wa Nomau gadin dawa." Ta kama na biyu. "Kaka mai korar kura, ke ma zauna." Haka ta yi ta yi, tana kiran suna tana fisga. Jini ya wanke mata fuska, ya gangara ya jiƙa mata ƙafafu. 'Yan gayya suka ajiye ludayin fura. Tasalla ta rufe fuska da gyale.

Nomau ya ce, "Haukacewa kika yi? Gaggafa ba wutsiya ai kaza ce. Ko kunya uku ba za ki wuce ba."

Ta ci gaba da fisga. Gashi na ƙarshe na mahaifiyarta ne. A nan kam ta dakata, ta yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ita ma a ranta ta yarda da maganar Nomau, don tun tana sheƙa ake gaya mata gaggafa wutsiyarta ce. Amma hankakin nan sun ƙaru. Ta ce, "Inna, ki yafe min, jikarki zan je wa." Ta fisge.

Ta buɗe fikafikai ta tashi, ta wuntsila, ta faɗa cikin dawa tim. Nomau ya tuntsire da dariya, shi kaɗai. Ta sake tashi, iska ta juya ta ta maka ta da ƙasa. A karo na uku, da ta ji za ta kife ta dama, sai ta danna fiffiken hagu. Ta miƙe. Ta ji za ta kife ta hagu, ta danna na dama. Ta miƙe. Ashe fikafikan nan da ba ta taɓa neman komai a wajensu ba sai ɗaukar nauyi, sun iya juya ta. Ba wanda ya taɓa gaya mata, don ba gaggafar da ta taɓa gwadawa.

Ta kewaya gonar sau ɗaya, tana karkata nan tana karkata can, daidai saman kan Nomau. Ta ce, "Ga wutsiyarka nan. A yi girbi lafiya." Ta miƙe sai bishiyar kukarta.

Hankaki suka ga abu ja-wur yana zuwa yana layi, ba su san ko mene ne ba, suka tarwatse. Ta tarar da yarinyar kwance, ido ɗaya a buɗe, da sauran numfashi. Ta rufe ta da fiffike.

Nomau kuwa ya ɗaure gashin a kan gora ya kafa a tsakiyar gona. Kwana biyu jan-baki suna tsoro. Rana ta uku ɗaya ya sauka a kai ya ga ba abin da ya faru, ya kira 'yan'uwansa. Da dawar ta fitar da kai, suka cinye ta sai kara. Ban ji tausayinsa ba, na dai ji na 'ya'yansa tara.

Yarinya ta rayu, ta yi gashi, ta fitar da wutsiyarta doguwa. Ranar da za ta fara tashi ta dubi uwarta ta ce, "Inna, an ce ana koyon sunan kakanni a wutsiyar uwa. Ni a ina zan koya?"

Uwar ta ce, "Biyo ni ki gani."

Suka tashi. Uwar ta karkata dama ta ce, "Mai ƙetare hamada." Ta karkata hagu ta ce, "Mai korar kura." Kowace karkata da sunanta, har ta kai kan mahaifiyarta, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Yarinyar na biye tana kwaikwayo. Da suka sauka ta ce, "Inna, kin manta ɗaya." Ta tashi ita kaɗai, ta karkata sosai har fiffike ya kusa taɓa reshe, ta ce, "Wadda ta dawo."

Daga nan kowace shekara sai ta rage tata wutsiyar kaɗan, ba wanda ya sa ta, har ta zama daidai da ta uwarta. 'Ya'yanta ma haka suka taso suka yi.

To shi ya sa har yau gaggafa take da jar fuska da jajayen ƙafafu, kuma ƙaramarsu ta fi babba tsawon wutsiya, tana girma tana ragewa. Kuma idan kun gan ta tana karkata dama da hagu a saman gona, Cindo, ba buguwa ta yi ba. Kakanninta take kira ɗaya bayan ɗaya, a kan idon manoma, don su san ta bar musu gashi amma ba ta bar musu kaka ko ɗaya ba.