Mai Jirage Tara da Ya Yanka wa Kansa Iyaka

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin babban kogi, tun zamanin da ake ciniki da wuri. Sunansa Arzika. Na baya ku matso, ku saurara, don yau labarin wanda ya samu zan ba ku, da abin da samun ya jawo masa.

Arzika mai fito ne. Da jirgin wani ya fara, yana ƙetarar da mutane da kayansu, har tafin hannunsa ya yi kanta. Allah ya buɗa masa ya sayi nasa jirgin, ɗaya ya zama uku, uku ya zama tara. Sai ya daina shiga ruwa. Ya koma zama gindin wata tsamiya a bakin gaɓa, matuƙa suna kawo masa abin da aka samu.

Al'adar garin kuwa ita ce, in jirgi ya wuni yana aiki, a kasa kuɗin uku. Mai jirgi ya ɗebi kashi biyu, matuƙa huɗu su raba ɗaya. Haka aka gada. Ba wanda ya taɓa kiran abin zalunci, don kowa a kai ya buɗe ido.

Cikin matuƙansa akwai Nomau, abokinsa tun suna tuƙi tare. Wata damina hatsi ya yi tsada, Nomau kuma ga zazzaɓi. Amma ya fito aiki. Arzika ya gan shi yana rawar sanyi, ya ce, "Nomau, ya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, Maigida." Ya shiga jirgi. Suna tsakiyar kogi jiri ya ɗebe shi ya faɗa ruwa. Sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa.

Arzika ya ba da likkafani, ya zauna zaman makoki a ƙofar gida. Matarsa Indo ita ta shiga wajen mata. Da suka koma gida ta ce masa, "Malam, na leƙa rumbun mutanen nan. Ba ko ƙwaya. Matar Nomau ta ce kwanansu shida suna cin ganyen tafasa, ko ƙuli babu."

A makon nan, jama'a, Arzika ya sayi dokinsa na uku.

Ya ce, "To me ya hana shi gaya mini?"

Ta ce, "Ya gaya maka me? Ba kai kake miƙa masa rabonsa kullum ba? Ka fi kowa sanin abin da yake kaiwa gida."

Arzika ya kwana uku abinci ba ya wuce masa. Rana ta huɗu ya kira ta ya ce ta faɗa masa tsakani da Allah abin da zai riƙe gidansu a wuni, da ci da sutura da baƙo da zumunci, ba ƙunci ba almubazzaranci. Ta ɗauko wata ƙwarya madaidaiciya ta ce, "In wannan ta cika da wuri, mun wadata, har da saura."

Ya ɗauki ƙwaryar ya tafi gindin tsamiya, ya tara matuƙansa. Ya ce, "Daga yau, in an kawo kuɗi, a fara cire na gyaran jirgi. Sannan a cika mini wannan. Abin da ya ragu naku ne, ko da ya ninka nawa goma. Wanda ba shi da lafiya ya kwanta a gida, rabonsa zai same shi."

Wani matashin magidanci cikinsu, Jatau, ya ce, "Maigida, har yaushe?"

Ya ce, "Har in mutu."

To, ku saurara. Kuna tsammani garin ya yi murna? Matuƙansa dai sun yi. Shekara ba ta zagayo ba sai da rumbunansu suka cika. Amma matuƙan sauran masu jirage suka fara gunaguni, suna cewa su ma a yi musu haka. Sai Sarkin Fito, shugaban masu jirage, ya aika aka kira Arzika zaurensa. Ya tarar da su duka a zaune, ba wanda ya matsa masa wuri a kan tabarma.

Sarkin Fito ya ce, "Arzika, kana so ka kashe mana sana'a. In sadaka kake so, ka yi sadaka, a yi maka addu'a. Mu ma muna yi."

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sadaka ba ce. Guminsu ne na daina riƙewa. Kuma roƙona gare ku, mu haɗu mu yanka wa kanmu iyaka. Ba na ce mai jirgi ya zama daidai da matuƙi ba. Ya ci ninki uku, ya ci ninki biyar. Amma a ce ga inda ya tsaya."

Wani ya ce, "In ba mu tara ba, ranar da ruwa ya fasa jirgi, wa zai sassaƙa sabo? Matuƙi?"

Arzika ya ce, "Na jirgi daban ne, ana cirewa. Dokina na uku ba jirgi ba ne."

Sarkin Fito ya ce, "Allah ne ya fifita wani a kan wani."

Ya ce, "Haka ne. Kuma shi zai tambayi wanda ya fifita."

Daga ranar suka juya masa baya. Suka hana masassaƙa yi masa aiki. In ya yi suna ba sa zuwa, in ya shigo masallaci a gaisa da shi da bakin yatsu. Cikin gari aka ce ya taɓu. Wanda ya fi masa ciwo kuwa shi ne babban ɗansa, Cindo. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, dukiyar nan da kake rabarwa, gadonmu ne. 'Ya'yan sa'anninka suna hawa doki, ni ina tafiya a ƙasa." Arzika ya ce, "Ka taɓa kwana da yunwa a gidan nan?" Ya ce, "A'a." Ya ce, "'Ya'yan Nomau sun kwana." Cindo ya tashi. Cikin watan ya kwashe iyalinsa ya koma wani gari, bai sake taka gidan ba.

A shekara ta bakwai aka yi ambaliya, ta fasa masa jirage biyar. Abin da ya ajiye na gyara ya isa ya sassaƙa biyu, amma masassaƙan garin sun ƙi shi, na nesa kuma suka tsawwala. Indo ta ce, "Malam, ko shekara ɗaya ka koma tsohon rabo, ka farfaɗo, sannan ka dawo." Ba mugunta ta sa ta faɗa ba, ta ga tsufa yana tahowa ne. Ya ce, "A shekarar ambaliya zan rage musu? Gonakinsu ma ruwa ya cinye. In na buɗe ƙofar nan yau, na san kaina, ba zan rufe ba."

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Jatau, wanda ya tambaya har yaushe, ya tara abin da ya tara a hannun Arzika, ya sayi jirginsa, ya ƙara na biyu. Arzika ya yi murna, ya sa masa albarka. Wata rana da hantsi yana wucewa ta bakin gaɓa, sai ya ga Jatau zaune yana rabo. Kashi uku. Biyu gabansa, ɗaya gaban mutum huɗu.

Ya tsaya ya ce, "Jatau, kai ma?"

Jatau bai ɗago ba. Ya ce, "Maigida, ni yanzu na fara. In na kai inda ka kai, zan yi yadda ka yi."

Arzika ya ce, "Ni ma haka na riƙa gaya wa kaina, har Nomau ya faɗa ruwa."

Ya wuce. Waɗanda suka gan shi ran nan sun ce ya tsufa a wuni ɗaya.

Kuna jira in ce muku ya tono tukunyar zinariya, ko ɗansa ya dawo yana kuka? Ni ban ji haka ba, kuma ba zan ƙara wa labari abin da babu ba. Jirage huɗu suka zama biyu. Ya rasu a ɗakin da rufinsa ke yoyo, Indo na gefensa. Matuƙa ne suka ɗauki makararsa, masu jirage suka aiko yara da gaisuwa. Kafin a yi arba'in an sayar da jiragen, rabo ya koma yadda yake a da. Abin da kawai aka shaida shi ne, shekara goma sha ɗaya, ba matuƙinsa ko ɗaya da ya shiga ruwa da zazzaɓi don tsoron yunwa. Wannan ya tafi da shi, kuma inda ya tafi an san nauyinsa.

To jama'a, ga abin da nake so ku riƙe. Neman dukiya halal ne, ciniki halal ne. Abin da ke halaka mutum da gari shi ne samun da ba a ce masa ya isa ba. Kuma mutum ɗaya ba ya gyara kasuwa. Arzika ya tsira da kansa, amma garin bai gyaru ba, don sauran sun ƙi, wanda ya ci moriyar abin ma ya ƙi.

Na san in an ce a sa wa manya iyakar abin da za su kwasa, duk za ku ce a yi, don kuna ganin da wasu ake. Ni ma na ce a yi. Amma kai mai babur biyu da ka ba yara haya, nawa suke kaiwa gida bayan sun kawo maka naka? Kai mai shago, ke mai 'yar aiki, kai mai gona da ke ɗaukar 'yan ƙwadago, ka san abin da aka dafa jiya a gidan wanda ke yi maka aiki? Kada ka ce sai ka yi ƙarfi tukuna. Mai jira ya yi ƙarfi ba ya taɓa jin ya yi.

Kowa ya koma gida yau ya zauna da iyalinsa, ya faɗa da bakinsa nawa ne ya ishe shi. In ka kasa faɗa, to ka ji tsoron kanka, don akwai iyakar da za a yanka maka ba da shawararka ba: tsawonka, da faɗin kafaɗarka, a cikin ƙasa.

Allah ya ba mu abin da za mu iya amsa tambayarsa. Ku tashi mu yi salla.