Rairayin Gidan Gwadabe

An ce wai a wani gari na bakin kogi an yi wani attajiri mai suna Gwadabe, wanda yake da gidan ɗinka takalma da dukawa arba'in a cikinsa. Gida ne mai faɗin tsakar gida, ƙamshin jar fata yana tashi daga cikinsa har kan hanyar kasuwa. Masu yanka suna rumfar gabas a ƙarƙashin wani dattijo, Tanimu. Masu ɗinki kuwa suna rumfar yamma, babbansu Jatau.

Shekara uku fatake suna neman takalman gidan, ana cewa su dawo jibi, su kuwa su wuce wani gari. Fata tana shiga da yawa, takalmi yana fita kaɗan, riba sai sirancewa take yi. Abokan Gwadabe suka ba shi shawara ya sallami rumfa ɗaya ya ɗauko sababbin hannu.

Ya kira manyan biyu. Tanimu ya ce, "Maigida, muna yankawa, su bar abin da muka yanka ya bushe a kwando." Jatau ya ce, "Maigida, abin da ke iso mana ba ya zuwa a kan lokaci, in ya zo kuma rabinsa bai dace da ƙafa ba." Kowanne a cikinsu yana da gidaje ashirin da ke ci daga hannunsa, kuma Gwadabe bai taɓa kama ɗayansu da ƙarya ba.

Sai ya ce su ba shi kwana biyu.

Ranar Juma'a, da babu aiki, ya sa aka kwaso farin rairayi daga bakin kogi a kan jakuna. Aka shimfiɗa shi a tsakar gidan gaba ɗaya, aka share shi da tsintsiya har ya kwanta lumui. Washegari ya ce kowa ya yi aikinsa yadda ya saba, kada a share komai.

Bayan la'asar ya hau da Tanimu da Jatau kan soro. Rana ta karkata, haskenta ya kwanta a kan rairayin, kowane sawu ya yi ƴar inuwarsa. Daga sama gidan ya zama kamar wata ƙasa da ake gani a mafarki, mai hanyoyi da mararraba. Guntayen jar fata sun warwatsu a kan farin rairayi kamar furen da iska ta kaɗo. Tattabaru suna sauka, suna tashi. Su ukun suka bi sawayen da kallo.

Ga hanya ta ratsa daga gabas zuwa yamma, ta masu kai yanka. Ga wata ta karkace zuwa bayan rijiya, inda dutsen wasa wuƙa guda ɗaya tak yake. Amma wadda ta fi zurfi, har ƙasa ta bayyana a ƙarƙashinta, ta miƙe ne zuwa can ƙarshen gida. A inda ta ƙare, rairayin ya tattake ya yi da'ira, alamar mutane sun daɗe a tsaye.

Gwadabe ya ce, "Jatau, ina waccan ta nufa?"

Jatau ya sunkuyar da kai. Tanimu ne ya amsa a hankali, "Ƙofarka ce, Maigida. Ɗakin fata yana jikin ɗakinka, mabuɗi yana aljihunka. In kana da baƙi, jira muke yi."

Gwadabe ya dubi da'irar nan har inuwar katanga ta rufe ta. Sannan ya ce, "Na hau nan ne in zaɓi wanda zan kora a cikinku, ga shi rairayi ya nuna ni. Don tsoron kada a sace mini fata ɗaya, na cinye muku rabin yini kullum, shekara da shekaru. Ba wanda zai bar gidan nan. Hanyoyin nan ne za su tafi."

Ya ciro mabuɗin ya damƙa wa Tanimu. Aka dawo da ɗakin fata tsakiyar gida, aka haɗe rumfunan biyu, kowane mai yanka ya zauna gwiwa da gwiwa da mai ɗinkinsa, da dutsen wasa wuƙa a gabansu. Mai ɗinki yana faɗin abin da yake so tun wuƙa ba ta taɓa fata ba, sai guntaye suka ragu, ragowar kuma aka riƙa yin maɗaurin takalman yara da su. Kafin damina ta kama, fatar da a da take ba da takalmi shida ta koma ba da takwas, fatake kuma suka daina wucewa.

Wanda ya ga ribarsa tana raguwa, kafin ya nemi wanda zai kora, ya bi sawun mutanensa ya ga inda yininsu yake zubewa, kuma ya shirya wa samun sawun ya tsaya a ƙofarsa.