Takardar da Ba Ta Bushe Ba

Akwai wata yarinya mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Auta ake ce mata, don ita ce ƙarama a wurin. Shugabanta wani dattijo ne, Baba Dakta, wanda ya ɗauke ta aiki bayan wurare huɗu sun ƙi ta.

Shekara shida Baba Dakta yana bin abu guda. Akwai wani tsohon magani mai araha da ke kashe bakteriya. Shi kuma ya kafe a kan cewa zai kashe ƙwayoyin yis, waɗannan da ke sa harshen majinyaci ya yi fari fat har ya kasa haɗiyar ruwa.

Gwajin ba wuya. A shafa yis a farantin gilashi, a tsoma 'yar takarda kamar maɓalli a ruwan magani, a ɗora a tsakiya, a sa a akwatin ɗumi kwana biyu. In magani ya ci, sai a ga fili inda yis bai tsiro ba ya zagaye takardar kamar zobe.

Zoben kuwa ya fito.

Kullum da safe Auta takan ɗaga faranti saitin taga. Yis ya kwanta luf kamar farin rairayi, zoben a tsakiya kamar tafki. Sai ta ga kanta ta ƙanƙance tana yawo a bakin ruwan. Ta ga majinyata sun tashi zaune suna kurɓar ruwa ba zafi. Ta ga Baba Dakta tsaye ana masa tafi. Sai famfo ya ɗiga, ta dawo hayyacinta.

Ranar Litinin mai zuwa za a kai sakamakon asibiti, a nemi izinin fara ba marasa lafiya.

Amma wani abu ya tsaya mata a rai. Da sifirit ake narkar da maganin, Baba Dakta kuma ba ya jira takarda ta bushe. Yana tsomawa yake ɗorawa. Sifirit kuwa, in bai bushe ba, shi kansa yana kashe ƙwayoyi.

Ran Talata ta haɗa faranti biyu a ɓoye. Ɗaya sifirit zalla, a jiƙe. Ɗaya magani, amma ta bar takardar ta bushe ƙayau.

Ran Alhamis ta buɗe akwati. Na sifirit ya yi zobe kyakkyawa. Na maganin kuwa, yis ya haye har kan takardar.

Dogo, abokin aikinta, ya leƙo ta kafaɗarta ya yi fito.

"Auta, wa ya aike ki? Ga kwandon shara can. Wata uku ya rage wa tsohon nan ya ajiye aiki, ki bar shi ya tafi da farin cikinsa mana."

"Majinyatan fa?"

"Ke kika haife su? Yarinya, ki riƙe aikinki da kyau."

Ta daɗe a tsaye. Kwandon bai fi taku uku ba. Ofishin Baba Dakta kuma sai ta ga ya yi nisa, barandar ta miƙe kamar ba ta da ƙarshe. Haka ta bi ta da faranti biyu a hannu.

Ya duba. Ya cire tabarau, ya goge, ya sake dubawa.

"Ni za ki koya wa aiki? Ina wannan sana'a ba a ma yi auren uwarki ba!"

"Baba, ba ni na faɗa ba. Farantin ne."

"Fita."

Ta gaishe shi ran Juma'a, bai amsa ba. Ta dai hango shi ta gilashin ƙofa, zaune gaban 'yar takarda, ya zuba tagumi yana jira ta bushe. Dogo ya ce ta fara tattara kayanta.

Litinin da hantsi ya aika a kira ta. Yana tsaye a taga riƙe da farantin da ya haɗa da hannunsa. Fari fat, ba zobe.

"Shekara shida, Auta," in ji shi a hankali. "Minti goma ne kawai ban jira ba."

Ya tura mata takarda da biro.

"Na fasa zuwa asibiti. Zauna ki rubuta abin da kika gani, cewa maganin nan ba ya cin yis. Sunanki a sama, nawa a ƙasa."

"Baba, wa zai karanta labarin maganin da bai yi aiki ba?"

"Likitan da ke shirin ba wa wani shi."

Darasi: Wanda ya yi maka alheri, ba da ɓoye masa kuskure ake rama masa ba. Ku faɗa masa gaskiya cikin ladabi, ko zai kwana uku bai amsa gaisuwarku ba. Ku kuma manya, furfura ba ta hana kuskure, ku iya cewa "na yi". Ku tura wa 'ya'yanku da ke aiki da rayukan mutane, su karanta.