Sakan Talatin Na Mma

Akwai wani saurayi a Kasalgu, sunansa Sualihu. Wata uku da rasuwar mahaifinsa, Baba Abdul-Baki tela, amma bai daina kiran lambarsa ba.

Wayar tana Bulpiela, a hannun mahaifiyarsa, Mma Safiatu. Idan ba a ɗauka ba, sai muryar marigayin ta fito daga akwatin saƙo: "Salamu alaikum. Ina kan keken ɗinki ko ina masallaci. Bar saƙo."

Wannan muryar Sualihu yake nema. Ranar sadakar bakwai ya kai wayar wurin Yidana mai gyara, aka rage ƙararta zuwa sakan biyar, don Baba ya yi saurin amsawa.

Ita kuwa Mma a cikin kwanon ɗaki take ajiye wayar, a rufe, kamar yadda take ajiye goro. Ga ta da ciwon gwiwa.

Wata Juma'a ya je gaishe ta. Tana tuƙa tuwo, ba ta ɗago ba.

"Sualihu, kai ne kake kirana kullum kana gudu?"

"Mma, ai ba kya ɗauka."

"Kafin in kai bakin ƙofa ta yi shiru. Jiya har faɗuwa na yi." Ta ajiye muciya. "Ƙanwarka Humu ta ce muryar babanka kake ji. To, ni wa zan ji?"

Ya kalli gwiwarta da ta kumbura. Ya sa ta tafi daga murhu zuwa ɗaki, yana ƙirgawa. Sakan ashirin da huɗu.

Ya ɗauki wayar, ya hau babur sai shagon Yidana, ya tarar yana rufewa.

"Sai gobe, aboki."

"Yau za a yi. Mayar da ƙarar wayar nan iyakarta."

"Talatin ne ƙarshe. Amma za ka daɗe kafin tsohon ya amsa fa."

"Na sani."

Yidana ya danna lambobin.

Sualihu ya mayar wa Mma wayar. Washegari da la'asar ya tsaya a bakin titi ya kira. Ƙara ɗaya, biyu, biyar. Zuciyarsa tana jiran Baba. Sai ya ji ƙarar murfin kwano, da numfashi sama-sama.

"Ɗana, na iso. Ka ci abinci?"

Darasi: Wanda ya tafi addu'arka yake buƙata. Wadda ta rage tana buƙatar ka jira ta ƙaraso. Tura wa duk wanda tsohuwarsa ke tafiya a hankali.