Ƙibar Ikilima

A wata makarantar firamare da ke kusa da Kanya Babba akwai wata dattijuwa, Ya Kura, shugabar masu dafa wa yara abinci. Wajen girki kam ba a magana. In ta ɗora shinkafa da wake, ƙamshin har ofishin hedimasta yake shiga. Aibinta ɗaya ne: ba a koya mata. Ka ce mata gishiri ya yi yawa, sai ta tambaye ka shekarunka nawa.

Wata rana aka aiko cewa za a yi bita ta kwana uku a Babura, ta malamai da masu girki, a kan abincin da ke gina jikin yara. Hedimasta, Malam Musaddiƙ, ya same ta a bakin murhu, ya gaishe ta da ladabi.

"Iya, da sunanki a takardar. Har mota za a turo."

"Su wa za su koyar?"

"Ma'aikatan lafiya ne."

Ya Kura ta ci gaba da juya tukunyarta. "Yaran da aka haifa jiya? Malam, 'ya'ya tara na yaye da hannun nan. Ku tura masu biro, ni ludayi na sani."

Haka aka tura Malama Zubaida, mai ajin share fage, ita kaɗai.

To, a ajin nan akwai jikar Ya Kura, Ikilima, 'yar shekara uku da rabi. Tun da aka kawo mata ita yaye daga Roni ba ta yarda ta mayar wa iyayenta ba, kuma duk duniya ba abin da take so kamarta. A bazarar shekarar yarinyar ta yi ƙyanda, ta tashi a rame, ta ƙi cin komai sai koko. Ya Kura ta ce ba komai. Takan tace gasarar sau uku har ta yi fari tas, ta zuba sukari, safe da rana da yamma. Wake ta ce yana kumbura ciki. Ƙwan da ake raba wa yara ranar Laraba kuwa ba ta bari ya shiga bakin jikarta, don ta taso ta ji ana cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama.

Bayan wata biyu sai kumatun Ikilima suka ciko. Ƙafafu suka yi luhu-luhu har takalmin ya daina shiga. Zo ka ga murna wurin Ya Kura. Ta goya ta gida-gida tana cewa, "Ku duba min ita. Wannan bitar wa ta je? Kokona ne kawai." Mata suna ta cewa tubarkalla. Ba ta damu da cewa gashin yarinyar ya yi ja ya yi laushi ba, ko kuma cewa ta daina wasa, sai zama da ƙananan koke-koke. Ta ce nauyin jiki ne.

Ranar da aka dawo daga dogon hutu, Ya Kura ta kai wa Malama Zubaida yarinyar har aji da gangan.

"'Yar nan, ga tawa takardar shaidar. Ke ina taki?"

Malama Zubaida ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa, ta ɗora manyan yatsunta a bayan ƙafafun Ikilima biyu, ta danna a hankali, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, kamar an danna ƙullun alkama, kuma bai taso ba.

"Iya, ki yi min haƙuri. Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Tamowa ce, irin mai kumburi. An nuna mana ita a bita. Sun ce yaron da aka ga haka, ranar za a kai shi asibiti."

Ran Ya Kura ya ɓaci ƙwarai. Tamowa ciwon rashin abinci, a gidan shugabar masu girki? "Kwana uku kika yi a Babura za ki zo ki ce ina kashe jikata da yunwa?" Ta saɓi yarinyar ta yi gida, ko tukwane ba ta tsaya an wanke ba.

Amma a tsakar gida, da ta ga ba kowa, sai ta zauna a kan turmi. Ta danna tata ƙafar, naman ya taso nan take. Ta danna ta Ikilima. Ramin ya zauna. Ta kira sunanta, yarinyar ta ɗago ido da ƙyar. Tsoro ya kama Ya Kura irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta yafa mayafi ta koma makaranta, ta tsaya a ƙofar ajin da ta fita cikin fushi.

"Malama, zo ki raka ni. Ni ban san abin da zan ce musu ba."

A kan babur ɗaya suka tafi su uku. A asibiti aka kwantar da Ikilima nan take. Ma'aikaciyar jinya ta ce da an ƙara mako guda, sai dai wani ikon Allah. Kwana goma sha biyu suka yi ana ba ta madara ta musamman kaɗan-kaɗan. Kumburin ya saɓe, sai ga ainihin yarinyar, ƙashi da fata. A nan Ya Kura ta yi kuka. Daga baya naman gaske ya fara zuwa, da kunun gyaɗa, da wake, da zogale, da ƙwan ma. Ranar da Ikilima ta sake yin gudu a filin makaranta, har hedimasta sai da ya fito kallo.

Da aka sake kiran bita a Kazaure, Ya Kura ce ta fara shiga mota. Ba ta iya boko ba, Malama Zubaida ke rubuta mata. A rana ta biyu mai koyarwa ya tambayi ko akwai wanda ya taɓa ganin tamowa mai kumburi. Ya Kura ta miƙe a gaban malamai sama da sittin, kanta a ɗage.

"Ni na gani. Shekara ashirin ina ciyar da 'ya'yan mutane, amma wata guda na yi ina goyon ciwon jikata gida-gida ana yi min barka. Wannan yarinyar da na raina, Malama Zubaida, ita ta ceto min ita. Ku matso in nuna muku inda ake dannawa."

Kuma suka matso, manya da ƙanana.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, daɗewa a kan aiki ba ya hana neman ƙarin ilimi. Duk wanda aka ba amanar yara, malami ne ko mai girki, in an kira shi ƙaro sani ya je, ko da mai koyarwar sa'an ɗansa ne. Girman kai ya kusa raba Ya Kura da jikarta, sauke shi kuma ya sa ta zama abin alfaharin makarantarsu. Allah ya ba mu ikon karɓar gyara tun yana da amfani.