Tsohuwar da ta Mayar wa Sarki da Wakensa

Masu riƙe da labarun magabata sun ce an yi wani sarki mai son kyauta, mai kuma son a ji ya yi kyautar. Wata shekara damina ta yi gardama, abinci ya yi wuya, sai ya buɗe rumbunansa ya raba wa kowane gida wake mudu goma.

Ashe rumbun waken ya daɗe yana yoyo. Wake ya sha danshi ya yi fumfuna, ƙwari kuma sun kafa gari a cikinsa. Da labari ya kai kunnen sarki, ya sa aka zaga da shela cewa duk wanda ya ga aibi a kyautar sarki ya mayar da ita fada. To, a ƙasar nan kuwa tun kaka da kakanni, wanda ya mayar wa sarki da kyauta ya raina sarauta, hukuncinsa kora daga gari. Sarki ya manta da wannan, talakawa ba su manta ba. Aka kwana bakwai ko ƙwaya ɗaya ba ta dawo ba. Waziri ya ce ai albarkar hannun sarki ce, ƙwarin sun ji kunya sun fice. Sarki ya yarda, don maganar tana da daɗin ji.

Akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa, sunanta Gwamma. Shekara arba'in tana sana'ar wake, da ƙanshi kawai take gane lafiyarsa, saboda haka tun ranar rabo ta ɗaure nata ta ajiye. Amma maƙwabciyarta Tabawa mai jego ce, ba ta da wani abincin. Kullum ta dafa, kullum ciki ya murɗa, har nono ya fara ƙafewa.

Gwamma ta ce, "Ke 'yar nan, ki mayar musu da abinsu."

Tabawa ta ce, "Iya, in an kore ni, ina zan nufa da jinjiri?"

Gwamma ma ta ji tsoro, ba ƙarya, don a garin aka binne cibiyarta, a nan kuma take son a binne sauran. Duk da haka da hantsi ta ɗora buhun a ka, ta rataya kaskon tuya, ta saɓa tabarma, ta nufi fada.

Da ta faɗi ta yi gaisuwa, waziri ya ce, "Tsohuwa, kin san hukuncin wanda ya mayar da kyautar sarki?"

Ta ce, "Na sani, ya waziri. Shi ya sa na taho da tabarmata, kada a wahalar da dogari sau biyu."

Sarki ya danne dariya ya ce, "Me kika kawo mana?"

Ta ce, "Ya sarki, baƙinka na rako. Ka aiko mini da wake, na buɗe na tarar da jama'a a ciki, kowa da ɗakinsa, kowa ya huda ƙofarsa. Ni kuwa tsohuwa ce mai ɗaki ɗaya, ba ni da ƙarfin saukar da tawagar sarki."

Ta roƙi ƙwarya da ruwa, aka kawo. Ta zuba wake tafi biyu. Kaɗan suka nutse, sauran suka taso sama, ƙwari na iyo a tsakaninsu. Ta ce, "Mai nauyi ƙasa yake zama, ya sarki. Wanda ba komai a cikinsa shi ke rigan kowa hawa sama." Waziri ya gyara zaman rawaninsa.

Sarki ya ce, "Gida dubu aka ba waken nan. Don me ƙwari suka bar gida dubu suka zaɓi naki?"

Ta ce, "Ƙwari ba su zaɓa ba, ya sarki, kowane gida sun shiga. Bakin faɗa ne bai shiga kowane gida ba. Ka ce wanda ya ga aibi ya zo. Wa zai tsaya gaban sarki ya ce ya ga aibinsa? Kuma ko ya zo ya ajiye waken, me zai koma ya ɗora a murhu, godiya?"

Fuskar sarki ta canza. Ya ce, "Waziri ya ce mutanena lafiya suke ci."

Ta ce, "Waziri shinkafa yake ci. In sarki na son ya ji daga bakin mai cin wake, gidan ba nisa."

Sarki ya miƙe, fadawa suka bi shi a ruɗe, Gwamma na gaba da tabarmarta. Suka tarar da Tabawa zaune gaban murhu, hannu ɗaya a ciki, ɗaya riƙe da jinjirin da ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Tukunya na tafasa, warin fumfuna ya cika tsakar gida.

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, yaya kika sami waken?"

Tabawa ta durƙusa da kyar, ta ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ban taɓa cin mai daɗinsa ba."

Maganar nan ta fi zagi zafi a zuciyar sarki. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya naɗe hannun riga, ya sauke tukunyar da kansa, zafinta na ƙona masa yatsu, ya ce, "Ba ke kika ga aibi ba, ni na gani, kuma nawa ne."

Ranar aka sake shela, wannan karon da bakin sarki: waken da na ba ku ya lalace, kada a ci, kada a sayar, kada a ba dabba. Kowa ya kawo, ya koma da gero daga rumbun gidana. Kafin la'asar ƙofar fada ta cika da buhuna, aka kai bayan gari aka ƙone. Dokar kora kuwa aka soke ta nan take.

Sarki ya ce a yi wa Gwamma kyauta. Ta ce, "Na gode, ya sarki, amma a bari in buɗe a nan gabanka tukuna."

Sarki ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya juya ga fadawa ya ce, "Ku riƙe wannan. Ba a auna adalcin sarki da abin da ya miƙa wa talaka, sai da abin da talaka zai iya mayar masa bai ji tsoro ba."